Mu ce mata "akalar nesa"

Jama'a, akwai wata manhaja da ma'aikata ke amfani da ita kullum amma har yau ba mu raɗa mata suna ba. Ita ce wadda kana zaune a gida ko a masauki, ka buɗe kwamfutarka, sai ga fuskar kwamfutar ofis ta bayyana a gabanka. Ka motsa linzami a nan, kibiya ta motsa a can. Ka danna harafi a nan, ya fito a can. Irin su TeamViewer da AnyDesk da VNC da Remote Desktop na Microsoft. Ni dai shawarata a kira ta akalar nesa, kuma ga hujjata.

A fara duba yadda take aiki, don sunan da bai bi aiki ba ba ya daɗewa a baki. Aikin gaba ɗaya kwamfutar ofis ce ke yinsa. Fayil yana can, lissafi can ake yi. Abu biyu kawai ke bin hanya: hoton fuskar kwamfutar yana zuwa gare ka, dannawarka da motsin hannunka suna tafiya gare ta.

Wannan ne ya sa ta karɓu tun zamanin layin tarho. A shekarun 1980 da 1990, mai amfani da pcAnywhere, wata tsohuwar manhaja irin wannan, sai modem ɗinsa, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya buga lambar ofis, modem na can ya ɗauka, a yi ta ƙara kafin layi ya haɗu. Ko a ƙarshen shekarun 1990 mafi saurin irin wannan modem bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Janyo fayil mai megabait 10 a irin wannan layi sai ya ci fiye da minti 20. Amma ka bar shi a can, ka buɗe shi a can, ka gyara layi biyu ka rufe, nan da nan an gama.

To, sunayen da aka saba kawowa.

"Rimot": wannan na talabijin ne, yana hannunka, akwatin yana gabanka. Ka ce wa mutum ya kawo rimot, ka san abin da zai miƙo maka.

"Manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa": ma'ana ta fita sarai, kuma a takardar ofis ba ta da laifi. Sai dai bayani ce, ba suna ba. Wa zai faɗi duk wannan yana gaggawa a waya?

"Linzami" ya so ya dace, amma an riga an cika masa kaya: ga na kwamfuta, ga makami mai linzami. "Kutse" kuwa kada ma a fara, domin mai kutse ba da izini ya shiga ba.

Akala fa? Mai riƙe da ita ba shi ke ɗauke da kaya ba, raƙumi ne ke ɗauka, shi nasa juyawa. Kwamfutar ofis a wannan hali raƙumi da akala ce, duk inda aka ja ta nan za ta bi. Sannan kalmar ta zo da aikatau ɗinta a shirye, ba sai mun ƙera ba: miƙa akala, karɓi akala, ja akala, saki akala. "Malam, miƙo min akala in duba maka firintar." "Na gama, na sake ta." Duk Bahaushe ya gane.

Babban abin da ya sa nake dagewa shi ne tsaro. 'Yan damfara kan kira mutum a matsayin ma'aikatan banki ko masu gyara, su ce ya sauke wata manhaja ya karanto musu lambar da ta fito. Shi a zatonsa taimako ne. Bai san da wannan lambar mai kiran zai ga duk abin da ke fuskar na'urarsa ba, har ya danna abin da ya ga dama. Sunan Turanci bai gaya masa komai ba. Amma a ce masa "akalar wayarka za ka miƙa", wallahi sai ya tsaya ya yi tunani. Su kansu kamfanoni ba su tsira ba: a 2012 Symantec, mai mallakar pcAnywhere, ta shawarci masu amfani da manhajar su dakatar da ita bayan bayanan ginin manhajar sun faɗa hannun masu kutse.

Kada kuma a haɗa ta da VPN. Shi VPN shigar da kwamfutarka yake cikin hanyar sadarwar ofis, aikin kuma taka ce ke yi. Wannan sunansa daban, a nema masa nasa.

Saura wuri ɗaya da nake neman bakinku. A VNC da ire-irenta ana iya ba mutum damar kallo kawai, yana gani amma ba ya taɓa komai. Wannan bai riƙe akala ba. "Leƙe" yana ɗauke da warin leƙen asiri, shi ya sa na fi karkata ga "kallon nesa". Malamai, me kuka gani?