Makaniki ya ce sai doki 40, ni na ce 29 ya isa

Baban Hanifa (Sawusamton): Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Jirgin ruwana mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, ƙafa 32 ne, nauyinsa tan 6, tsohon injinsa mai ƙarfin doki 18 ya gaji. Ranar Asabar a mashigar Hurst da ke kudancin Ingila ruwa na janyewa, ni kuma ina son shigowa, iska ta ɗauke ɗif. Na ba shi wuta har ƙarshe, amma hasumiyar fitilar nan tana gefena kusan rabin awa ba mu wuce ta ba, Hanifa na riƙe da rigata. Na je wurin makaniki, wai sai na sa doki 40. Na ce 29 ya isa, ya yi mini kallon wanda bai taɓa ganin teku ba. Ni dai na tsaya a kan bakana: ƙaton inji a jirgin filafilai almubazzaranci ne.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kana da gaskiya, yallaɓai. Irin jirginka ratsa ruwa yake, ba ya hawa saman ruwan, don haka gudunsa na da iyaka. A ɗauka tsawon da ke cikin ruwa ƙafa 25 ne: tushen 25 shi ne 5, sau 1.34, ya ba ka mil 6.7 na teku a awa. Daga nan duk man da ka ƙara, gindin jirgin ne zai nutse yana tono igiya a bayansa. Lissafin da aka saba shi ne doki 3 zuwa 4 ga kowane tan, kenan 24 ma ya kai ka. Kuma injin dizal ba ya son zaman banza. In ya yi maka yawa kullum a ƙasa-ƙasa za ka riƙa jan sa, silinda ta yi santsi, ya fara hayaƙi da shan baƙin mai. Ka duba farfela tukuna, wataƙila ƙwanso ne ya lulluɓe ta.

Ɗan Yawuri: Kai Injiniya, lissafin takarda ke nan. Mu nan Yamaha 40 muke ɗaura wa kwale-kwale, a loda buhuna da babura ya haye lafiya. Kwale-kwalen Baban Hanifa ya fi namu ne?

Baban Hanifa: Malam, ka gyara bakinka. Ba kwale-kwale ba ne. Yana da ɗakin kwana, da kicin, da bayi, ga ƙarfe kusan tan 2 a ƙarƙashinsa da ke hana shi kifewa.

Ɗan Yawuri: Ƙafa 32? Wallahi akwai na katako a bakin ruwanmu da ya fi shi tsawo. In namu kwale-kwale ne, naka mene ne?

Maman Walid: Yaya, ai kwale-kwale ba zagi ba ne. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka biya mana kuɗin makaranta.

Malam Na Zariya: A Hausa duk jirgi ne. Kwale-kwale shi ne ƙaramin da ake tuƙawa da hannu. Wanda aka ɗaura wa inji ma ya tashi daga wannan suna.

Ɗan Yawuri: Mutumin Zariya zai koya mini sunan jirgi? A wane kogin?

Alhaji Fatsudan: 'Ya'yana, ku saurara. Masu irin wannan jirgi suna yada zango a nan Fatsudan da Sawakin, a gaɓar tekun Sudan, kafin su nufi Suwez. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa yawancin shekara, gaba da gaba suke yi da ita, ga gajerun igiyoyi masu tsayar da jirgi cik. A irin wannan hali rarar ƙarfi na da rana. Sai dai abin da na fi ganin suna nema shi ne jarkokin mai.

Injiniya: Madalla, Baba Alhaji. Rarar na cikin 29 ɗin. Na 40 kuwa ya fi nauyi, sai an sake masa mazauni, wataƙila da farfela da sandar da ke juya ta.

Ɗan Baga: Ni dai abin da ya tsaya mini, yaushe Yawuri ta zama uwar ruwa? Ku zo Tafkin Chadi ku ga jirage.

Ɗan Yawuri: Tafkin da ya ƙafe?

Baban Hanifa: Ɗan Yawuri, har yanzu ina jiran ka janye kalmar kwale-kwalen nan.

Shugaban Zaure (Birnin Kebbi): To ya isa haka, zan rufe. Abin da muka fahimta: yawancin jama'a sun nuna babban inji ya fi tsaro, kamar yadda Ɗan Yawuri ya kawo daga aikin yau da kullum, Baba Alhaji kuma ya tabbatar. Injiniya ya kawo wasu alƙaluma, mun gode. Maganar kwale-kwale kuwa, Baban Hanifa, ka yi haƙuri, ɗan'uwanka bai faɗi abin janyewa ba. Ɗan Baga, na goge saƙonka na biyu.