Meniskus: guringuntsi za mu ce ko gammon gwiwa?

Likitan ƙashi: Salamu alaikum. Muna nema wa meniskus kalmar Hausa da majinyaci a Asibitin Ƙashi na Dala zai ji ya gane nan take. In an ce guringuntsi ba a yi ƙarya ba, sai dai iri biyu ne a gwiwa. Akwai mai santsin da ya lulluɓe kan ƙashi, akwai kuma wasu guda 2 masu siffar jinjirin wata tsakanin ƙashin cinya da na ƙauri, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Su ne meniskus, su ake ɗinkewa in sun yage. Ni dai gammon gwiwa na zaɓa.

Mai gashin ƙashi: Dakta, matashin gwiwa fa?

Likitan ƙashi: Hajiya, matashi cike yake har tsakiya. Gammo kuwa bakinsa ne mai kauri, tsakiyarsa rami, kuma don ɗaukar nauyi aka yi shi. Haka wannan yake.

Malamin tiyata: Gammon ya zauna. Saura ɗinkin, kuma alkiblar allura ya kamata ta raɗa suna. Ɗinkin ciki zuwa waje: ana kallo da kyamara, a tura doguwar allura mai lanƙwasuwa ta cikin siririn bututu, ta huda gammon, ta fito ta wani yanka na santimita 3 zuwa 4 a gefen gwiwa ta baya, a ƙulla zaren a can. Haɗarinsa jijiya. A ɓangaren ciki, in ƙulli ya kama jijiyar ji, gefen ƙafa ya dinga dindiris. A ɓangaren waje abin ya fi muni, domin jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa tana wucewa kusa da kan ƙaramin ƙashin ƙauri. In aka taɓa ta, mutum ya riƙa jan ƙafa. Shi ya sa ake saka ƙarfe mai kamar cokali ya tare allurar. Ɗinkin waje zuwa ciki na yagewar gaba ne. Na uku, ɗinkin ciki zalla, na'ura ce ke dasa 'yan maƙalai 2 a bayan gammon, a ja zare ya tsuke.

Likitan ƙashi: Malam, a ƙara da ɗinkin tsaye da na kwance. Zarurrukan jikin gammon kansa zagaye suke bi, don haka na tsaye yana rungumo su da yawa, ya fi riƙo. Tazara milimita 3 zuwa 5, da zaren da ba ya narkewa. Kuma sai an kankare bakin yagewar tukuna, jini ya tsatso. Sulusin waje kaɗai jini ke ratsawa sosai, mu kira shi jan yanki. Farin yanki na ciki ko an ɗinka da wuya ya kama, galibi datse shi ake yi.

Mai gashin ƙashi: To na karɓi gammon, don zai sauƙaƙa min bayani. In na ce wa dattijo gammonka aka ɗinke, kada ka ɗora masa kaya, ya fahimta. Galibi makonni 4 zuwa 6 da sandunan dogarawa da takalmin gwiwa, wato abin da ake ɗaura mata ya riƙe ta, ba a lanƙwasa ta fiye da digiri 90. Tsugunno shi ke tsinka ɗinki, domin yana matse bayan gammon, ba a yin sa sai bayan wata 4 zuwa 6. Ke nan salla a kan kujera, bayan gida ma na zama.

Malamin tiyata: Yagewar da ɓallin ke juyewa tsakiya ya kulle gwiwa kuma, a rubuta ta yagewar hannun bokiti.