Me ya hana a dafa tazargade a sha maimakon ƙwayar maganin maleriya?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda daga ganyen tazargade ake ciro sinadarin atemisinin, mene ne ainihin abin da ya hana a dafa ganyen a sha a madadin ƙwaya? Matsalar awo ce, ko zafin wuta ke lalata sinadarin?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ne, amma awon ya fi tayar da hankali. Atemisinin da ke cikin busasshen ganye ba ya zama ɗaya: wani ganyen bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba, wani ya haura kashi 1, gwargwadon iri, lokacin girbi da yadda aka adana shi. Ya fi taruwa gab da fitar fure. Ga shi kuma ba ya narkewa sosai a ruwa, doguwar tafasa tana rage shi. Ita kanta Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta gano atemisinin har ta samu kyautar Nobel a 2015, sai a 1971 aikinta ya yi kyau, da ta koma tatsar ganyen da ruwan narkarwa mai tafasa a ƙaramin zafi. Mai shan dafaffen ganye bai san nawa ya shiga jininsa ba.

Amsa ta biyu:
Gaskiya ne, ɗan'uwa, sai dai ko an daidaita awon, da sauran rina a kaba. Atemisinin yana da kaifi, yana rage ƙwayoyin cutar kusan ninki 10,000 a kowane zagayensu na awa 48, amma cikin 'yan awoyi ya bar jiki. Zazzaɓi ya sauka, mara lafiya ya ɗauka ya warke, ragowar ƙwayoyin su sake hayayyafa. Shi ya sa a ƙwayar maganin ake haɗa atemeta, wanda daga atemisinin ake yin sa, da wani magani mai suna lumefantirin, wanda ke kwanaki a jini yana share saura. Mai nauyin kilo 35 zuwa sama yana shan ƙwaya 4 masu miligiram 20 na atemeta da 120 na lumefantirin kowacce, sau 6 cikin kwana 3: na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare na kwana biyu. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, domin lumefantirin ba ya shiga jini sosai a kan cikin da babu komai. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin awo yana bai wa cutar damar bijire wa maganin. An ga haka a Kambodiya, yanzu kuma a Ruwanda da Yuganda. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen don magani ko rigakafi.

Amsa ta uku:
Ƙari kaɗan, Malam. In akwai jijjiga, gushewar hankali ko amai ba ƙaƙƙautawa, ƙwaya ma ba ta isa ba. Allurar atesunet ce, wanda shi ma daga atemisinin ake yin sa, ta jijiya a asibiti, miligiram 2.4 a kowane kilo, nan take, bayan awa 12, bayan awa 24. Yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo.