Neman shawara: tafiyar ƙafa zuwa yashin Marzuga a watan Agusta, da baƙuntar da ta yi mini nauyi a Maroko

Ɗan Rimi:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Fas, na zo daga Katsina a farkon wannan shekarar karatu, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin ƙasar nan a kan abubuwa biyu. Na farko, idan an ba da hutu a watan Agusta ina so in goya jakata in nufi kudu maso gabas domin in ga tuddan yashin Marzuga, in yi wani ɓangare na tafiyar da ƙafa ba tare da na bi kamfanonin yawon buɗe ido ba, saboda kuɗin hannuna kaɗan ne. Abokan karatuna 'yan ƙasar suna hana ni saboda zafi, ni kuwa ina ganin wanda ya saba da ranar watan Afrilu a Katsina ba zai ji tsoron ranar wani wuri ba.

Abu na biyu ya fi damuna. Na yi shekaru ina karatun Larabci a gida, amma idan na shiga kasuwa ba na fahimtar rabin abin da ake faɗa. Wasu suna ɗaukata ɗan ci-rani mai neman tsallakawa Turai, wasu kuma suna tambayata ko ni Musulmi ne alhali daga masallaci na fito. Yanzu na fara yini a ɗaki ba na son fita. Shin wannan hali yana wucewa?

Malam Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokanka sun faɗa maka gaskiya, kuma ina roƙonka ka ɗaga tafiyar zuwa tsakanin Oktoba da Afrilu. A watannin Yuli da Agusta zafin Marzuga yana haura maki 40 kusan kullum, wani lokaci ya kai 45, har ma a lokacin ne masu ciwon gaɓoɓi suke zuwa a binne jikinsu cikin yashi na 'yan mintuna domin neman sauƙi. Yashin da ake gasa jiki da shi ba wurin yawo da kaya a baya ba ne. A Katsina idan rana ta take kana da inuwar darbejiya da mai sayar da ruwa a bakin titi, amma a tsakiyar tuddan nan ba ka da ko ɗaya.

Hanyar kanta mai sauƙi ce. Motar kamfanin sufuri na Supratours tana tashi daga Fas da dare, ta ratsa duwatsun Atlas ta Midelt, ta gangara kwarin Ziz ta Rashidiyya da Arfud, ta isa Marzuga da safe. Shawarata ita ce ka sauka tukuna a garin Risani da ke tsakanin Arfud da Marzuga, wanda kasuwarsa take ci ranakun Lahadi da Talata da Alhamis. A gefen garin akwai kufan Sijilmasa, birnin da aka kafa a shekarar 757, inda ayarin fatake yake tashi ya keta Sahara zuwa ƙasashen baƙar fata. Daga nan shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya kama hanyar Mali a 1352, kuma a komowarsa ya bi ta Takedda da ke cikin ƙasar Nijar ta yau. Bahaushe da ya tsaya a wurin zai gane cewa kakanninsa da na mutanen yankin sun daɗe da sanin juna ta hanyar ciniki.

Tuddan Marzuga ba su da faɗi sosai, tsawonsu bai kai kilomita 30 ba, amma wasunsu suna kai mita 150 a tsaye, kuma kowane tudu kama yake da ɗan'uwansa. Kada ka shiga kai kaɗai. Ka nemi ɗan jagora daga mutanen ƙauyen, ku yi ciniki kafin a tashi. Ka kuma sani cewa iyakar Aljeriya tana kusa, an rufe ta tun 1994, kuma sojoji suna tsaronta, saboda haka gabas ba wajen gwada sa'a ba ne.

Hajiya Damagaram:
Ɗana, ni ma'aikaciyar jinya ce a yankin da muka san zafi, kuma zan ƙara a kan maganar Malam. Haɗarin busasshiyar iska shi ne gumi yana bushewa tun kafin ka lura da shi, sai ruwan jiki ya yi ta raguwa kai kuwa kana ganin lafiyarka ƙalau. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta zo, ka kuma duba fitsarinka, domin idan ya yi duhu ko ya ragu, jiki ya fara shiga wahala. Ruwa kaɗai ba ya mayar da gishirin da gumi ya fitar, don haka ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis, ko ka haɗa da kanka: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Kowace lita nauyin kilo 1 ce a bayanka, wannan ma dalili ne na rage nisan tafiya. A tashi bayan sallar asuba, a tsaya kafin hantsi ya yi zafi, sai bayan la'asar a ci gaba. Idan abokin tafiya ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a nemi asibiti nan take. Idan kuma da sanyi ka je, ka tafi da bargo, domin daren Disamba da Janairu a can yana kusantar daskarewa.

Ɗan Zango:
Ɗan'uwa, ni maganarka ta biyu ce ta fi taɓa ni, domin na yi karatu a ƙasar kuma na san wannan ƙunci. A ganina abin da yake sa shi tsanani shi ne mun zo da zaton cewa ƙasar Musulmi ce masu bin mazhabar Malikiyya kamar mu, saboda haka za mu ji kamar muna gida. Wanda ya tafi Faransa ya riga ya shirya wa baƙunta, mu kuwa ba mu shirya ba. Wariyar launin fata tana nan, ba zan ɓoye maka ba, kuma kana da haƙƙin jin zafinta. Sai dai na tarar cewa yawancin kallon da ake yi wa mutum yana sauyawa da zarar ya yi gaisuwa da Darija, wato Larabcin da suke magana da shi, wanda ya cakuɗu da harshen Amazig da Faransanci. Ka koye shi daga mai shagon unguwarku, kada ka raina shi don ba shi ne na littafi ba.

Ka lazimci masallaci guda ɗaya har a san fuskarka. Bayan magariba da asuba suna karanta hizbi a tare da ruwayar Warshu, wadda aka karantar da mu da ita a makarantar allo, kuma ranar da suka ji muryarka a cikin karatun tambayar ko kai Musulmi ne za ta ƙare a wannan unguwa. Ka riƙa ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da ke tsohon garin Fas, inda ba a rasa baƙi daga Kano da Senegal, ko da don ka ji Hausa a kunnenka. Idan aka gayyace ka cin kuskus ranar Juma'a, ka amsa. Amma idan zaman ɗakin ya kai ga hana ka barci ko cin abinci ko zuwa aji, kada ka bar shi a cikinka, ka gaya wa shugabannin ɗalibanmu ko ka ga likita.

Ɗan Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na janye maganar Agusta, zan jira lokacin sanyi in Allah Ya so. Malam Bazazzagi, ina so in san ko ana samun masauki mai rahusa a cikin Risani, ko kuwa ya fi kyau in kwana a Arfud in shigo ranar kasuwa da sassafe.