Neman shawara: An yi wa shanuna allura, amma ciwon kaska ya ci min saniya

Mai turka daga wajen Taura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka min. Shanu bakwai gare ni, biyar bunaji, biyu kuma ruwa-biyu ne da na sayo a Wudil bara saboda nono. Kafin saukar damina aka zo garinmu allurar rigakafi, na kora su duka aka yi musu. Bayan kamar sati shida ɗaya daga cikin ruwa-biyun ta daina kiwo, ta ware gefe ta sunkuyar da kai, nono ya ɗauke, kashinta ya bushe. Na buɗe fatar idonta na ga cikin ya yi fari fat, kashegari ya koma rawaya kamar mai ciwon shawara. A kwana na huɗu ta kwanta, muka sa wuƙa. Mahauci ya nuna min matsarmama ta kumbura, saifa ta yi girma, jinin kuma tsinkakke kamar an sirka shi da ruwa. Ya ce ciwon kaska ne. Kaska kam akwai, a hantsa da ƙarƙashin wutsiya. To ina amfanin allurar da aka yi? Yanzu ga 'yar uwarta ta fara rage ci tun jiya.

Ɗan kasuwar kara:
Allah ya mayar da alheri. Malam, ni dai a ganina allurar ce ta mutu a hanya. Abin da ake yawo da shi a rana tsaka ba ƙanƙara, me zai yi?

Ardo daga Hadeja:
Allah ya tsare sauran. Ɗana, bar zancen allura tukuna, ka je kan mai rai. Yau ɗin nan ka nemo likita, kada ka bari sai gobe. Kuma kada a kora ta daji, kada yara su sa ta gudu. Saniyar da jininta ya ƙare, gudu kaɗan sai ta faɗi. A ɗaure ta a inuwa, a kai mata ruwa da ɗanyar ciyawa.

Likitan dabbobi, Kano:
Baba Ardo ya faɗi abin da ya fi gaggawa. Malam, ba zan yanke hukunci daga nesa ba, sai an ɗebi jinin kunne an duba, amma abin da ka siffanta ya yi kama da cutar da muke kira anaplasmosis. Tambaya ɗaya: fitsarinta ya yi ja?

Mai turka daga wajen Taura:
A'a Likita, ban ga jini a fitsari ba, sai dai ya yi rawaya sosai.

Likitan dabbobi, Kano:
To wannan ya ƙara ƙarfafa zatona, domin ɗaya ciwon kaskar, babesiya, shi ne mai sa fitsarin jini.

Sai maganar allura. Wadda ake zagayawa da ita ƙauyuka galibi ta ciwon huhu ce, wani lokaci ta harbin daji ko ta ciwon saifa, irin waɗanda cibiyar Vom ta jihar Filato ke haɗawa. Ko an ajiye ta a sanyi yadda ya kamata, ba ruwanta da ciwon kaska. Kowace allura da cutar da aka yi ta dominta. Saboda haka mutuwar saniyarka ba hujja ba ce cewa allurar ta lalace.

Za ka ce to me ya hana a yi ta kaska? An fi shekara ɗari ana fama. Ƙwayar cutar, Anaplasma marginale, cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta zauna. Jikin saniya da kansa ne yake farfasa ƙwayoyin jinin da suka kamu, musamman a saifa, shi ya sa ka ga ido ya yi fari sannan ya yi rawaya, saifa ta kumbura. Aikin rigakafi shi ne ya nuna wa garkuwar jiki kamannin cuta tun kafin ta zo, kamar a ce wa 'yan sintirin kasuwa ɓarawon yana sanye da jar riga. Ita wannan ƙwaya rigarta wani sinadari ne a fatarta da ake kira MSP2, kuma ba ɗaya take da shi ba. A cikin ƙwayoyin halittarta tana da ƙyallaye da ta ajiye, sai ta yanko wannan ta ɗinka a kan wancan ta fito da sabuwar riga. Garkuwar jiki ta kashe masu jar riga, 'yan kaɗan da suka sauya su tsira su hayayyafa, bayan 'yan makonni a gane su a kashe, wasu su sake sauyawa. Haka ake ta yi har saniya ta tsufa. Shi ya sa wadda ta warke ba ta rabuwa da cutar, tana ɗauke da ita lafiya lau, kaska ta sha jininta ta kai wa wata.

Bayan wannan kuma irin cutar da ke wata ƙasa ba lallai ya zama iri ɗaya da na wata ba. Allurar da ake da ita a Afirka ta Kudu da Ostareliya da Isra'ila ƙanwar cutar ce mai sauƙi, Anaplasma centrale, wadda Arnold Theiler ya bayyana a 1911. Da ranta ake sa ta cikin jinin maraƙi. Ita ma ba ta hana kamuwa, tsananin ciwon kawai take ragewa. Ga wahalar ajiya a sanyi, ga tsoron kada jinin ya ɗauko wata cutar.

Ɗan kasuwar kara:
Likita, idan haka ne me ya sa bunajinsa biyar suna nan garau, alhali garke ɗaya suke, kaska ɗaya ke cizonsu?

Likitan dabbobi, Kano:
Mai yiwuwa tun suna maruƙa suka kamu. Maraƙin da bai kai wata shida zuwa tara ba, cutar ba ta cika kayar da shi ba, sai ya tashi da ita a jiki da kuma garkuwarta. Babbar saniya da ta haɗu da ita karon farko, musamman mai jinin shanun Turawa, ita ke shan wuya. Ina zaton bunajin nan su ne rumbun cutar a garken.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Ba kaska kaɗai ke yaɗa ta ba. Tsinken allura ɗaya da aka soka wa saniya ashirin, da wuƙar fiɗiya, da ƙudaje masu cizo, duk suna ɗaukar jini daga wannan zuwa waccan. Daga kamuwa zuwa bayyana yakan ɗauki sati uku zuwa takwas. Ban ce abin da ya faru ke nan ba, damina ce, kaska ta isa ta yi aikin. Amma nan gaba ka sayi tsinkenka ka riƙe, ka roƙa a canza wa ruwa-biyun.

Ardo daga Hadeja:
Mu da damina duk bayan kwana biyu muke kwantar da su da sassafe, yara su tsince kaska da hannu a jefa a wuta. Wadda muka fi tsoro ita ce koti, mai zane a baya da dogon baki, tana lalata kan nono tana jawo kirci. Kaji ma suna taimakawa idan suna kwana kusa da garke.

Likitan dabbobi, Kano:
Koti ɗin nan, Baba, ita ke ɗauke da cutar da ake samun ruwa kewaye da zuciya, wadda tunkiya za ta dinga taune-taune, ta faɗi tana shure-shure. Ita ma cutar iri-iri ce, garkuwar wani iri ba ta cika tare wani ba. A Afirka ta Kudu rigakafinta jinin tunkiya ne mai cutar, a sa wa dabba ta jijiya, a jira zazzaɓi ya taso a ba ta magani. Ka ga yadda abin ya gagara.

Ɗaliba a sashen lafiya:
Likita, a gafarce ni in ƙara. Har a mutane akwai irinsa. Cutar Lyme ta Amurka da Turai, kaska ke kawo ta. An fito da allurarta a 1998, aka daina sayarwa a 2002. Rigar da allurar ke nuna wa jiki, ƙwayar tana sa ta ne a cikin kaska kawai, da kaskar ta fara shan jini sai ƙwayar ta tuɓe. Dole garkuwar ta bi jinin ta shiga cikin kaskar ta kashe ƙwayar a can. Kuma Baba Ardo, don Allah a hana yara murje kaska da farce, akwai zazzaɓi mai sa zubar jini da ake ɗauka ta haka.

Hajiya mai fura da nono:
Ni roƙona ɗaya. Idan an yi wa saniyar allurar magani, don Allah kada a tatso a kawo mana. Kindirmo ba ya kamawa, kuma yara ke sha.

Likitan dabbobi, Kano:
Gaskiyar Hajiya. Maganin oxytetracycline ne, wanda ake ce wa LA, kuma yana aiki idan an yi da wuri. Likita zai auna shi daidai da nauyinta, kwanakin da za a ƙaurace wa nono da nama suna rubuce a jikin kwalba. Ruwa-biyun a tsare su da maganin kaska irin amitraz a kan ƙa'idar da aka rubuta, banda maganin ƙwarin gona. Bunajin kuwa a rage musu kaska, ba sai an ƙarar da ita tas ba, musamman maruƙa.

Mai turka daga wajen Taura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita ya zo bayan la'asar, ya auna ya ce zazzaɓinta ya haura digiri 40, ya ɗebi jini ya yi mata allura. Da magariba ta ɗan taɓa dusa. Baba Ardo, tsintar nan da ake yi, ta kunne da ta tsakanin kofato yaya kuke cire su? Na gwada ɗazu ta kusa karya min hannu.