Wane suna za mu ba "counsellor" da Hausa?

Ƙanena, tambayar da ka aiko ta fi ƙarfin amsar layi biyu, shi ya sa na ga ya dace in amsa ta a bainar jama'a, domin malaman Hausa da ma'aikatan lafiya da ke tare da mu su sa baki. Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba, mai tambayar ya daɗe yana horar da masu motsa jiki, tun daga samari masu ɗaga ƙarfe har zuwa magidanta masu neman rage teɓa, daga baya ya koma makaranta ya karanci aikin da ake kira "counselling" da Ingilishi, wato zama da mai damuwa ana sauraronsa har ya gano mafita, kuma yanzu yana so ya rubuta sunan sabuwar sana'arsa da Hausa a allon ofishinsa. Tsohon aikin bai taɓa ba shi wahalar suna ba, tunda kowa ya san koci, kowa ya san mai horarwa. Sabon ne ya rasa yadda zai faɗa wa mahaifiyarsa a cikin kalma biyu ko uku.

Hanya mafi sauƙi, wato a ari kalmar a Hausantar da ita kamar yadda muka yi wa kwamfuta da intanet, a rufe take, domin akwai wanda ya riga mu shiga. A bakin Bature, sunan wannan ma'aikaci da sunan wakilin mazaɓa a majalisar ƙaramar hukuma furucinsu ɗaya ne, rubutu kawai ya raba su, kuma Hausa ta daɗe da miƙa "kansila" ga ɗan siyasa. Ranar da ka rubuta kansila a ƙofarka, masu neman taki da gyaran rijiyar burtsatse ne za su yi maka sallama.

Wasu sun ce a kira ka likitan ƙwaƙwalwa, tunda shi ne sunan da jama'a suka saba ji a rediyo. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma dalilina bai tsaya ga harshe ba. Likitan da ke duba masu taɓin hankali a asibitin Kware da ke jihar Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano, mutum ne da ya gama karatun likita sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a wannan fanni, yana da ikon rubuta magani, yana da ikon kwantar da marar lafiya. Kai ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma karatun da ka yi, irin wanda ake yi a tsangayar ilimi ta jami'o'i kamar Bayero da Ahmadu Bello, bai taɓa cewa kana da su ba. Idan ka karɓi sunan likita, za a kawo maka yaron da ya daina barci yana ganin abin da babu, a sa ran ka ba shi ƙwaya, alhali haƙƙinsa a kanka shi ne ka tura shi asibiti a ranar. Akwai kuma illa ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa: matar da mijinta ya rasu ta kasa komawa kasuwa, ko ɗalibin da fargabar jarrabawa ta hana shi cin abinci, ba za su taka ƙofar da aka rubuta likitan ƙwaƙwalwa ba, domin a unguwa za a ce sun zare. Kada mu manta cewa dokar da ta yi mulkin wannan fanni a Najeriya tun 1958 sunanta ma dokar mahaukata ne, sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali da ta maye gurbinta. Tsoron da tsohon sunan ya dasa bai tafi da sa hannun ba.

"Masanin halayyar ɗan Adam" kuwa yana da mai shi, wato wanda ya karanci ilimin halayya a matsayin fanni, don haka mu bar masa kayansa.

Inda na fi so mu daɗe shi ne a kan kalmar da wani dattijo a cikinmu ya kawo, wato "mai nasiha". Baba, na ga abin da ya ja ka gare ta: kalma ce mai daraja, ba ta da tsangwama, kuma babu gidan da za a ji kunyar cewa an je neman nasiha. Amma nasiha tana da alƙibla guda, daga sama take saukowa. Uba ne ke yi wa ɗa, malami ke yi wa almajiri, gwaggo ke yi wa amarya daren da za a kai ta, kuma ladabin wanda ake yi wa shi ne ya sunkuyar da kai ya yi shiru. A nan ne, ƙanena, nake ganin tsohon aikinka zai iya yi maka tarko. Koci mai umarni ne, kuma da umarnin ake biyansa: ƙara goma, kada ka sauke, gobe da asuba, rage tuwon dare. Ita kanta kalmar horo a Hausa ba ta rabu da tsawatarwa ba, shi ya sa muke cewa an yi wa yaro horo idan an hukunta shi, muke kuma haɗa horo da hani a wuri guda. Wanda ya saba da wannan murya, idan aka ba shi sunan mai nasiha, zai ci gaba da zama koci ne kawai, sai dai ya sauya ƙarfe da kujera.

Sana'ar da ka shiga an gina ta ne a kan akasin haka. Carl Rogers, masanin halayya ɗan Amurka wanda koyarwarsa ta yi tasiri ƙwarai a wannan aiki tun daga shekarun 1940, ya tsaya a kan cewa mai matsalar ne ya kamata ya ja ragamar zaman, shi kuwa ma'aikacin aikinsa saurare ne ba tare da yanke hukunci ba, da mayar wa mutum maganarsa ta yadda zai ji ta da kunnensa, har ya gano mafitar da zai iya ɗauka. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan da ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba duk mazhabobin aikin ne suka bi Rogers sau da ƙafa ba, akwai waɗanda ke ba mutum aikin da zai je ya gwada a gida kafin zama na gaba, amma ko su ba sa yanke wa mace shawarar ta zauna da mijinta ko ta fita, ba sa zaɓar wa saurayi sana'a.

Wannan dalilin ne ya sa "mai ba da shawara", wanda shi ne fassarar da ta fi yawo a jaridu, bai gamsar da ni ba, duk da cewa ya fi sauran kusa. Aibinsa yana cikin "ba da". Hausa ta bambanta ba da shawara da yin shawara: na farko mutum ɗaya ne ke miƙawa, na biyu kuwa sai an zauna, kamar yadda iyali ke cewa bari mu yi shawara kafin mu ba ku amsa. Ma'anar zama tare ita ce asalin kalmar tun daga Larabcin da muka aro ta, inda Alƙur'ani ya yabi muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu. Saboda haka ina ganin mu riƙe shawara, mu jefar da "ba da".

Abin da nake ba da goyon baya gare shi shi ne "mashawarci", mace "mashawarciya", jam'i "mashawarta". Ginin kalmar irin na marubuci da manomi da maɗinki ne, kuma irin wannan gini a kunnen Bahaushe yana nuna sana'a, ba abin da mutum ya yi sau ɗaya ya wuce ba. Abin da ya ƙara burge ni shi ne aikatau ɗin da ta fito daga ciki yana tafiya ta fuska biyu. Idan na ce na shawarci mahaifina kafin in sayar da gona, ni ne na nemi ra'ayinsa. Idan mai karanta labarai ya ce gwamna ya shawarci manoma da su yi shuka da wuri, gwamnan ne ya faɗi nasa. Kalmar da ke ɗauke da tambaya da faɗa a ciki ɗaya ta dace da mutumin da rabin aikinsa tambaya ne.

Malama, ke da kika ce mashawarci ya riga ya zama na masu ba gwamna shawara, kin yi gaskiya, kuma shi ya sa kalmar ba za ta tsaya ita kaɗai ba, sai an jingina ta da fanninta, kamar yadda ake cewa mashawarci kan harkokin noma. Tambayar da ta rage ita ce ko za mu ce lafiyar ƙwaƙwalwa ko lafiyar hankali. Kafafen watsa labarai sun fi amfani da ta farko, musamman idan ranar 10 ga Oktoba, wato ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ta zagayo, amma ni na zaɓi ta biyu. Ƙwaƙwalwa sashen jiki ce a cikin ƙoƙon kai, wadda likitan tiyata ke buɗewa idan an yi haɗari, kuma babu Bahaushen da ke cewa ƙwaƙwalwarsa ta tashi idan ɗansa ya ɓata. Cewa yake hankalinsa ya tashi, idan an ga yaron kuma hankalinsa ya kwanta. Hankali ya ɗauko tun daga ƙaramar damuwa har zuwa taɓuwa, don haka mai ƙaramar ba zai ji an haɗa shi da mai babbar ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda da ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, ya yi aiki ne da kalmar da masu harshen Shona suka riga suka sani, wadda ke nufin yawan tunani, kuma mu ma da wannan sunan iyayenmu mata ke kiran abin.

Kenan abin da zan so in gani a allonka shi ne "Mashawarcin Lafiyar Hankali". Ganawar da kake yi da mutum a kira ta "zaman shawara". Sai dai ina jan kunnenka da kada ka taƙaita ka rubuta "ɗakin shawara" kawai, musamman idan a cikin asibiti aka ba ka ofis, domin shawara a Hausa suna ne kuma na ciwon da ke mayar da ido rawaya, kuma za ka wayi gari da iyaye mata riƙe da jarirai a bakin ƙofa.

Ka ce kana tunanin haɗa ayyukan biyu, kuma ban ga laifinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma an tabbatar cewa motsa jiki yana rage wa mutane da yawa nauyin damuwa, don haka iliminka na farko ba asara ba ne. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta sunayen biyu a layi daban-daban, kada a narkar da su a ƙirƙiro wani abu kamar "kocin hankali", domin wanda ya shigo yana bukatar ya san da wanne daga cikinku yake magana a wannan sa'a, mai ƙirga masa zagaye ko mai riƙe masa sirri.

Saura sunan wanda ke zuwa wurinka. Rogers ya ƙi kiransa majinyaci, kuma mu ma bai kamata mu kira shi haka ba, tunda ba jinya ake yi ba. "Kwastoma" ya yi daidai a gidan motsa jiki inda ake biyan kuɗin wata, amma a nan yana da warin kanti. A takardun ofis ina ganin "mai neman shawara" ya wadatar, a baki kuwa "abokin shawara" ya fi taushi, kuma Hausa ta riga ta san shi da ma'anar wanda ake amince wa. Matsalarsa ɗaya ita ce shi ma mai zuwan zai iya kiranka da wannan sunan, kuma ina so ma'aikatan jinya da ke cikinmu su faɗa mana ko hakan zai kawo ruɗani idan ana rubuta takardar tura mutum asibiti.