Wa ya taɓa cire tsatsa da leza?

Mai gareji: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina shirin sayen injin leza na cire tsatsa, mai wat 200, irin mai harba haske ɗigo-ɗigo. Kafin in zuba kuɗi, wanda ya taɓa riƙe shi ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Mai walda: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bara na gwada shi a Kano, a kan wani tsohon injin mota. Sau biyu na gilma hasken, tsatsa ta tashi hayaƙi, ƙarfe ya fito fari tas. Na ɗora tafin hannu nan take, ɗumi kawai na ji. Abin da ya fi burge ni, lambar da aka buga jikin injin ta fito raɗau. Da gurzawa na yi, da na shafe ta.

Malamin koyar da sana'a: Gajartar harbin ce ta kawo haka. Da nanosakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Tsatsa ta fi ƙarfe saurin shan hasken, sai ta ƙone ta tashi tun zafi bai ratsa ciki ba, shi ya sa fallen ƙarfe ba ya lanƙwashewa. Akwai na femtosakan, wanda ya fi wannan gajarta sau miliyan. Masana kimiyya Gérard Mourou da Donna Strickland suka gano hanyar ƙara masa ƙarfi a 1985, suka samu kyautar Nobel a 2018. Da shi ake yanka gilashin waya, ake aikin ido. Wannan kam ya fi ƙarfin aljihunmu.

Mai zanen suna a ƙarfe: Nawa ƙarami ne, wat 30, ina rubutu da shi kan makullai da allunan ƙofa. Ƙurar Maradi ce abokiyar gabarsa. Lokacin hunturu, na kwana biyu ban goge gilashin bakinsa ba, ƙurar ta ƙone a kai, ta bar tabo kamar ƙwayar gero. Wata guda ina zaune kafin sabo ya iso. Alhaji, ka ware masa ɗaki mai rufi, ka sayi gilashin canji tun ranar farko.

Sannan don Allah ido. Haskensa na nanomita 1064 ne, wato lambar da ke nuna irin hasken, ba a ganinsa. Jan ɗigon da ake gani injin yana haskawa na saiti ne kawai. Tabarau na walda ba ya tare shi.

Mai walda: Na manta ban faɗa ba. Da muka kai shi kan ƙofa mai tsatsa ɓawo-ɓawo, tafiyar hawainiya ya yi, sai da muka fara kankarewa da hannu. Hayaƙin tsohon fenti kuma ya sa ni tari har dare.

Mai gareji: Allah ya saka muku da alheri. Ni kayan inji zan riƙa wankewa, ba ƙofofi ba. Malam, wace lamba zan duba jikin tabarau na kariya daga leza?

Malamin koyar da sana'a: Ka tabbata ka ga 1064 a cikin abin da aka rubuta yana tarewa, Alhaji. Ka sayo har na yaran shago.